Ranar da Baba Habu Ya Hana a Shiga Rijiyarmu

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Mai Ceto, iyayena da ƙannena, da baƙinmu da suka taso daga ƙauye tun da safe. Fasto, na gode da ka ba ni fili. Ka ce in taƙaita, zan yi ƙoƙari, amma dai ka san ni.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Saratu, matar Iliya mai garka a fadama, wanda kuke kira Baban Rahila. Yau na tsaya in shaida yadda Ubangiji ya fitar da mijina daga bakin mutuwa, ni kuma ya fitar da ni daga wani mugun hali da na daɗe ina goye da shi.

Ni mace ce mai baki. Ba sai na faɗa ba, ga Mama Hannatu can tana dariya! Idan magana ta zo min, fita take yi kafin in auna ta. Kuma ina da riƙo. Tun da muka taso daga wajen Yauri muka zauna a Matameye, na sa wa raina cewa mu Kirista 'yan kaɗan ne a garin nan, ranar da wani abu ya same mu ba mai waiwayarmu. Ba wanda ya taɓa gaya min haka. Maƙwabta suna aiko min da naman Sallah, in karɓa in yi godiya har da durƙusawa, amma zuciyata tana nan a kulle. In an yi min alheri sai in ce akwai dalili. In an manta ba a gaishe ni ba sai in ce, ai dama.

Haka nake, kuma kowace Lahadi ina nan gaba ina tafi.

To, kun san yadda bazara take yi mana a fadama. Ruwan rijiya sai ya yi ƙasa, injin ban ruwa yana bisa yana ta kuka, ba ya iya jawowa. Abin da masu garka da yawa suke yi shi ne, a gicciye katako a cikin rijiyar, a ɗaure injin da igiya a zura shi ya zauna a kan katakon, kusa da ruwa. Sai ka ga tiyo ya cika, ruwa yana gudu cikin fangali. Kowa ya ce dabara.

Wata shekara sojojin kashe gobara suka zo daga Damagaram, suka tara masu garka kwana biyu a gindin mangwaro, don su koya musu abin da ake yi in hatsari ya faru kafin motar likita ta iso. Daga nan aka kafa ɗan kwamitin ceto na fadama. Aka ɗora Baba Habu a kai, tsohon maginin rijiya, wanda rabin rijiyoyin fadamar nan hannunsa ne. A cikinsu har da Hajiya Zule, maƙwabciyar garkarmu, mai albasa.

Baban Rahila ya so ya je. Ni na hana shi.

Na ce, "Kwana biyu? Tattasai zai jira ka? Ka je ka zauna ana yi maka surutu, a ba ka usur ka rataya a wuya kamar mai tsaron ƙwallo?" Ya ce, "Saratu, ilimi ne." Na ce, "Ilimin ya zo ya yi ban ruwa." Mutum ne mai sanyi, ba ya son hayaniya. Ya ɗauki fartanyarsa ya koma aiki.

Ashe abu na farko da aka koyar a wurin shi ne hayaƙin inji a cikin rijiya. Mu ba mu ji ba, don ba mu je ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, rana ta fara zafi. Ni da hannuna na taya shi riƙe igiya muka zura injin. Ya sauka ya tayar da shi ya fito, ruwa ya yi ta zuwa, ina juya shi daga wannan fangali zuwa wancan, har ina waƙa. Can sai injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Baban Rahila ya ce, "Bari in duba, ƙila esansi ne, man ya ƙare." Ya kama igiyar da ke ɗaure a itacen bakin rijiya, ya zura ƙafa ya sauka. Ban ko ɗaga kai ba. Abin da ya saba yi ne.

Na jira in ji injin ya tashi, shiru. Na ce, "Baban Rahila, ko in miƙo maka galan?" Shiru. Na ce a raina, mutumin nan da rashin amsa magana. Na tako ina mita na leƙa.

Wayyo Allah!

Yana zaune a kan katakon, ya jingina da bango, kansa ya langaɓe a kafaɗa, ƙafa ɗaya tana lilo a kan ruwa. Wani wari ya bugi fuskata, kaina ya sara. Na kira sunansa na yanka, wanda ban taɓa kira a gaban mutane ba. Na ce, "Iliya! Iliya!" Ko motsi bai yi ba.

Ban san irin ihun da na yi ba. An ce har masu garkar can ƙarshen fadama sun ji. Abin da na sani, kafin in rufe baki sai na ji usur daga garkar Hajiya Zule, dogo, sau uku. Wani usur ya amsa daga gabas, wani daga wajen rake. Ashe haka suka shirya, wanda ya ji ya busa wa na gaba, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya nufi inda aka fara.

'Yan'uwa, na ga mutane suna gudu. Maza da mata, wani da laka har gwiwa, wani ya bar injinsa yana aiki, wata da goyo. Suna tsallake shingen ƙaya suna tattake shukar kansu.

Wanda ya fara isowa ƙanen mijina ne, Bitrus, kun san shi, ga shi can bakin ƙofa. Ya leƙa sau ɗaya, ya tuɓe riga ya jefar, ya kama igiya. Na ce, "Shiga, Bitrus! Shiga ka ɗauko yayanka!" Har ya zura ƙafa ɗaya.

Sai ga Baba Habu, da haki, da naɗin igiya a kafaɗa. Tsohon nan da kuke gani siriri, ya cafki Bitrus ta baya a ƙugu ya fizgo shi, suka zube ƙasa tare. Ya ce wa wasu maza biyu, "Ku danne min shi. In ya kuɓuce muku ku za ku amsa." Ya miƙe ya tsaya a bakin rijiyar ya ware hannuwa. Ya ce, "Ba mai shiga. Kowa ya ja baya."

Bitrus yana birgima yana kuka, yana cewa, "Ku sake ni, ɗan'uwana ne!" Wasu samari biyu suka ce su za su shiga. Baba Habu ya ce, "Na ce ba mai shiga. Ko uban wa ye."

A nan ne Shaiɗan ya sami bakina.

Na yi kansa na ci kwalar rigarsa. A gaban jama'ar nan duka, waɗanda suka baro aikinsu suka rugo saboda mu, na ce, "Don mu Kirista ne ko? Don ba naku ba ne shi ya sa za ka bar shi ya mutu? Da ɗanka ne a ciki da tuni ka shiga! Allah ya isa tsakanina da kai, tsohon banza!"

Na faɗa. Da bakin nan nawa na faɗa, kuma yau ina maimaitawa a gabanku don ku san daga inda Ubangiji ya ɗauko ni.

Na ga fuskokin mutane sun canza. Baba Habu ya dube ni, idonsa ya yi ja, amma bai ɗaga murya ba. Ya ce, "'Yata, sake min riga, kina ci mana lokaci. Iskar da ke ciki guba ce. Wanda ya shiga yanzu, gawa biyu za mu fitar. Hajiya, ɗauke ta."

Hajiya Zule ta rungumo ni ta baya. Mace ce mai jiki, ban iya ko motsi ba. Ta ja ni gindin lemo ta zaunar.

Daga nan na ga aikin da ban taɓa gani ba. Kowa kamar ya san wurinsa. Wani ya fito da wata babbar laima, irin ta masu tebur a kasuwa, an ɗaura mata igiya a mariƙi. Suka zura ta a buɗe, suka tsayar da ita kafin ta kai kansa, suka fizgo ta sama da sauri, suka sake zurawa. Ashe kwaso mugunyar iskar take yi tana fitarwa. Kafin a jima sai ga ɗan kabu-kabu a kan babur ya shigo har cikin garka, ya goyo Isufu maƙeri rungume da zugazuginsa, wannan mai ƙafar keke da ake juyawa da hannu. Suka ɗaura masa dogon tiyo da tsumman roba, suka zura tiyon har saitin fuskar mijina, maza suka hau juyawa suna karɓar juna. Wani yana can gefe da salula yana gaya wa masu motar likita hanya. Wani ya tafi ɗaure shanu a amalanke, don mota ba ta shiga yashin fadama. Ba wanda ya tsaya kallo sai ni.

Ni kuwa gani nake shekara ake yi. Ina ta fizge-fizge ina cewa, "Yana mutuwa, suna wasa da laima!"

Hajiya Zule ta kama fuskata da hannu biyu, hannunta duk warin albasa. Ta ce, "Ke Saratu, dube ni. Bakin nan naki ya yi aikin da zai yi yau, ya isa haka. In kina da abin faɗa, gaya wa Allah. Mu ma shi muke gaya wa."

Maganar nan ta shige ni. Na zame daga hannunta na kifa goshina a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ban yi addu'a mai tsari ba, irin wadda nake yi a taron mata a ce Amin. Na ce, "Yesu, ni ce. Ni na hana shi zuwa, ni na riƙe igiyar da aka zura injin. In hukunci ne, ni ya kamata, ba shi ba. Ban da hannu, ban da dabara, bakina ma ya ƙare. Ka riƙe masa numfashinsa. Ka riƙe shi a kan katakon nan kada ya zame. Kuma mutanen nan, ya Ubangiji, ka ba su ƙarfi." Ban san lokacin da na fara roƙa musu ba. Tun zuwana garin nan ban taɓa sa maƙwabtana a addu'a da gaske ba sai ranar.

Sai na ji wani sanyi ya sauko min a ƙirji. Ba murya na ji ba, ba zan ƙara gishiri ba. Kawai hankalina ya kwanta, na iya ɗaga kai in duba.

Abin da na gani, Baba Habu ne yake tuɓe riga.

Samarin suka ce, "Baba, bar mu, mun fi ka ƙarfi." Ya ce, "Kun fi ni nauyi dai. Wa zai jawo ku?" Ya ɗaura igiya ɗaya a ƙirjinsa, ya riƙe ta biyu a hannu. Ya jera maza shida a kan tasa, shida a kan ɗayar. Ya ce, "Kun san ƙa'ida. Zan yi ta magana. Muddin kuna jin muryata, ku bar ni in yi aiki. In na yi shiru, ku ja, kada ku tambaye ni, kada ku leƙa. Isufu, in hannunka ya tsaya sai na ci mutuncinka." Ya yi bismillah ya sauka.

Muka yi ta jin muryarsa tana fitowa daga ciki. Kuma kun san me yake faɗa? Tsiya yake yi wa masu riƙe da igiya! "Sannu a hankali, Mamman, ba buhun gero kake saukewa ba. Kai Lawali, ka karya kumallo kuwa? To na iso. Iliya, Iliya, ka ba mu aiki yau. Ga hannu ɗaya. Kai, mutumin nan tuwon Saratu ya karɓe shi. Saura ɗaya hannun. Saura in ƙulle."

Mutane suna hawaye, wasu suna dariya cikin hawayen. Ni ina durƙushe ina cewa, Yesu, Yesu, Yesu.

Sai muryar ta fara ja, kamar ta mai jin barci. Ya ce, "Na ƙul..." Bai ƙarasa ba.

Wani ya daka tsawa, "Ku ja!"

Suka ja da gudu, suna komawa da baya cikin tattasaina. Baba Habu ya fito jikinsa sharaf, aka kwantar da shi, ya yi ta amai. Ko da ya buɗe ido bai iya magana ba, hannu kawai ya ɗaga yana nuna igiya ta biyu. Suka ja ta a hankali. Tana da nauyi! Ya riga ya ƙulle. Ƙullin maginin rijiya, a ƙarƙashin hammata, bai zame ba.

Haka aka fito min da mijina. Halleluya!

Amma ba ku ga yadda ya fito ba. Jiki ya saki, ido a kafe, numfashi sai ka sa kunne. Nan fa masu ba da shawara suka taso. Wannan ya ce a kwara masa ruwa, wancan ya ce a ɗura masa nono, wata ta ce a shaƙa masa albasa. Ni kaina har na miƙa hannu zan karɓi ƙwaryar nonon. Hajiya Zule ta ture ta. Ta ce, "Ba abin da za a sa masa a baki, shaƙe shi za ku yi. Ku ba shi iska!" Ta kwantar da shi a gefe guda, ta ɗaga masa haɓa, ta kwance masa tazuge, ta sa mata suka kewaye shi daga nesa suna fifita da faifai da gyale.

Aka ɗora shi a amalanke, aka ɗora Baba Habu kusa da shi. Shanun suna tafiya, maza suna tura amalanken ta baya don ya yi sauri cikin yashi. Da muka fito bakin hanya, ambilans tana tsaye, ƙofa a buɗe, an riga an juya kanta ta fuskanci gari. 'Yan kabu-kabu ne suka tarye ta suka nuna mata inda za ta tsaya. Wata ma'aikaciyar likita, 'yar siririya, ta diro da tulun iskar nan ta oksijin, ta kifa masa abin a hanci tun yana kan amalanke. Ba ta tambayi sunansa ba, ba ta tambayi ko shi wane ne ba. Abin da ta tambaya kawai, "Tun yaushe yake ciki?"

'Yan kabu-kabun suka shige gaba suna oda suna buɗe hanya, masu tebur suna janye kayansu. A likitar garin nan, wato asibitinmu, aka karɓe su da gudu. Baba Habu aka riƙe shi a nan. Mijina kuwa, majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba shi ya ce sai Damagaram. Direban ambilans ɗin nan ko ruwa bai tsaya sha ba, ya sake tayar da mota.

A Damagaram likita ya kira ni gefe ya gaya min gaskiya, kuma na gode masa. Ya ce, "Madam, yana numfashi da kansa, wannan abin godiya ne. Amma hayaƙin nan ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Zai iya farkawa lafiya. Zai iya farkawa bai san ki ba. Zai iya kuma ƙin farkawa. Mu za mu yi namu."

Kwana biyu ina zaune a gefen gadon. Ina kiransa, ina shafa masa ƙafa, ina ba shi labarin yara. Ko gira bai ɗaga ba. Fasto ya zo da dattawa suka yi addu'a, na san ku ma a nan kun yi azumi, Allah ya sāka muku. Bitrus ya bugo min waya ya ce, "Yaya, kada ki damu da garka. An fitar da injin da ƙugiya, an rufe bakin rijiyar da ƙaya. Maƙwabta sun raba kwana, kowa yana jawo tiyo daga tasa rijiyar yana ba tattasanmu ruwa. Yara kuma suna gidan Hajiya, Rahila har ta ƙi dawowa." Na kashe wayar na rufe fuska da zane. Kunya ta hana ni kuka da ƙarfi.

Rana ta uku da azahar, na fito in wanke kwano, sai na ga wani tsoho zaune a kan benci, da 'yar leda ta lemo a hannu. Baba Habu ne. An sallame shi jiya, yau ya hau motar haya ya biyo mu.

Na ajiye kwanon na zube a gabansa, a nan tsakar baranda, mutane suna wucewa. Na ce, "Baba, ka yafe min. Abin da na faɗa maka, ko kare bai kamata a faɗa wa ba."

Ya ce, "Tashi, 'yata, kina tara mana mutane."

Na ce, "Ba zan tashi ba sai ka yafe."

Ya ajiye ledar lemon a kan benci. Sannan ya ce, "Maganarki ta yi min zafi, ba zan ɓoye miki ba. Na kwana da ita. Amma akwai wadda kika faɗa daidai. Kin ce da ɗana ne da na bari an shiga. To, na taɓa bari." Ya ce shekarun baya, a wani ƙauye wajen Kurni, suna yashe rijiya, abokin aikinsa ya faɗi a ciki. Ɗansa na fari, mai suna Sale, ya ce zai shiga. Baba Habu ya ce, "Ni na ɗaura masa igiya. Ni na ce yi maza. Da shi ma ya yi shiru, wani ya bi shi. Uku muka binne ranar. Ba wanda ya taɓa gaya mana iska tana kisa, mun ɗauka aljanun rijiya ne." Ya share ido da bakin hularsa. Ya ce, "Shi ya sa da sojojin nan suka zo, na riga kowa zama a gaba. Na yafe miki duniya da lahira. Tashi ki kai ni in ga mutumina."

Muka shiga. Ya ja kujera ya zauna, ya kama hannun Baban Rahila, ya hau yi masa hira kamar suna bakin garka. "Iliya, barcin ya isa haka. Kai kana nan kwance a kan katifa, ka bar mu da ban ruwa." Ni ina tsaye a ƙafar gado, ina addu'a a zuci.

Ban san ko minti nawa aka yi ba. Na dai ga yatsunsa sun motsa a cikin hannun tsohon. Na ce ko idona ne. Sai ya buɗe ido. Ya dubi sama, ya dubi Baba Habu, ya juyo ya dube ni. Zuciyata ta tsaya, ina jira in ga ko ya san ni.

Leɓensa ya motsa. Na sunkuya na kai kunne.

Ya ce, "Saratu. Bitrus bai biyo ni ba ko?"

'Yan'uwa! Ya san ni, ya kira sunana! Kuma ku ji abin da ya fara tambaya. Daga baya ya gaya min, lokacin da ƙafafunsa suka mutu a kan katakon nan, ya gane iskar ce, ya so ya yi ihu ya ce kada kowa ya sauko, murya ta ƙi fita. Da wannan tsoron ya suma, da shi ya farka. Ni kuwa ina bisa ina tura ƙanensa ciki, ina zagin wanda ya hana. Da an bi tawa, da yau matar Bitrus tana zaune a nan da marayu huɗu, ni ma ina gefenta.

Na ce, "Bai shiga ba. Baba Habu ya hana shi. Kowa yana nan da rai." Ya lumshe ido, hawaye suka gangaro masa ta gefen kunne. Baba Habu ya ce, "Alhamdu lillahi." Ni na ce, "Na gode, Yesu!" da ƙarfin da sai da ma'aikaciya ta leƙo ta ce in tuna akwai marasa lafiya.

Ba zan ce muku komai ya koma yadda yake ba. Har yanzu kansa yana ciwo in rana ta yi zafi, wani lokaci ya ajiye abu ya manta inda ya sa. Likita ya ce a hankali. Ni kuma bakin nan bai gama warkewa ba, ku ci gaba da sa ni a addu'a. Amma zuciyar nan da ke zargin kowa, Ubangiji ya cire min ita a gindin lemon nan, ban kuma sake ganinta ba.

Na gode wa Yesu da ya ji addu'ar mace irina. Na gode masa saboda Baba Habu, da Hajiya Zule, da Isufu, da masu jan igiya, da 'yan kabu-kabu, da direban nan da yarinyar likita waɗanda har yau ban san sunansu ba. Na roƙi Allah ya aiko da taimako, ashe ya riga ya zaunar da shi a kewaye da ni shekara da shekaru, ni ce ban gani ba.

Ku masu garka, don Allah kada wanda ya ƙara zura inji a rijiya ya bi shi. In an kira taron koyo, ku je, ku kuma mata ku bar su su je. Wanda kuma yake cikin wani hali yau, yana ganin ba mai zuwa, ina roƙonka ka dogara ga Ubangiji. Yana ji. Ko da amsar ta zo maka ta hannun wanda ya ce maka tsaya, kada ka yi irin tawa.

Baban Rahila, na san ba ka son a dube ka, amma yau sai ka yi haƙuri. Tashi tsaye jama'ar Allah su gan ka.

Ga shi nan. Da ƙafafunsa ya tako.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.